Nomau da Kunnen Injin Yayansa

Ku gyara zama ku ji wannan, amma wanda ya san yana da hawan jini gara ya tashi tun yanzu.

A Tungar Bauna, can ƙasa da Yawuri a bakin kogi, akwai wani gida mai mutum huɗu. Maigidan shi ne Arzika, matuƙin jirgin ruwa, mutum mai saurin fushi, wanda ko kaza ta gitta gabansa sai ya tambaye ta dalili. Akwai matarsa Hajo, da tsohuwarsu Inna Tumba. Na huɗun shi ne ƙanensa Nomau. Kada ku ce ƙuruciya ce ke damunsa. Shekarar Nomau talatin da biyar, ga gemu, ga ƙirji, buhun albasa biyu yake saɓawa a kafaɗa lokaci guda. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya musu. Ciwonsa ɗaya ne tak: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Abin da kake nufi kuwa, wannan kai ka sani.

Arzika ya yi shekara tara yana fama da filafili a kwale-kwale, har kafaɗunsa suka yi kanta, kafin layi ya zo kansa. Ƙungiyar masu jiragen tungar tana da inji guda na zamani, irin mai ƙwaƙwalwa a ciki, kuma amana ake ba mutum ɗaya ya yi aiki da shi. Ranar da aka miƙa wa Arzika, Sarkin Ruwa Maidamma ya faɗi sharaɗi a gaban kowa: duk wanda injin ya lalace a hannunsa, ko aka buɗe aka tarar ya cusa masa kayan da ba nasa ba, za a ƙwace a ba na bayansa. Na bayan kuwa mutum goma sha ɗaya ne, kowa ya baza ido. Arzika ya rantse a ransa ko zai mutu ba zai koma wa filafili ba.

Wata rana suna dawowa daga kasuwar Yawuri sai injin ya fara kuka, ƙi-ƙi-ƙi, wata jar wuta ta kama, ƙarfinsa ya zube har kwale-kwalen masu tallar fura ya wuce su. Da ƙyar suka kai gaɓa. Arzika ya sauke fasinja, ya saƙala igiya a turke cikin sauri, ya juyo.

“Nomau, ka ga jar wutar nan? Kada ka ɗauke idonka daga kanta har in dawo da makanike.”

“To, Yaya.”

Ya dawo da Oga Sahabi makanike, ya tarar da turke, babu jirgi. Mata masu wanki suka ce igiya ce ta zame, sun yi ta ihu har muryarsu ta dushe, Nomau ko waiwayowa bai yi ba. Arzika ya ari kwale-kwale, ya kama filafilin nan da ya rantse ya bari, yana tuƙi yana zage-zage. Sai bayan la’asar suka iske jirgin ya maƙale a ciyawar wani tsibiri. Nomau na tsugune gaban injin, idanu jajir, hawaye har gemu.

“Yaya, tana nan. Ba ta mutu ba.”

“Kai wane irin dabba ne? Ba ka ji jirgi na tafiya da kai ba?”

“Na ji mana. Amma igiya tana bayana, wuta tana gabana.”

Arzika ya ɗaga filafili, Oga Sahabi ya riƙe masa hannu. A nan tsibirin makaniken ya buɗe murfin injin, ya kwance wani ɗan ƙarfe mai waya a jiki, wanda bai fi goro girma ba. Ya ce sunansa sensa, kuma shi ne kunnen injin. Idan mai bai ƙone daidai ba, inji yakan yi wata ƙwanƙwasa a cikinsa, mai cin fistin, wato ƙarfen da ke kai da kawowa a cikin injin, a hankali. Wannan ɗan ƙarfen ke jin ta, ya gaya wa ƙwaƙwalwa ta rage ƙarfi. Ya ce ga alama ya lalace ne, shi ya sa yake kuka ba dalili. Na jirgi na asali sai an aika Legas, mako uku. Kasuwar albasa kuwa ta buɗe, mako uku a zaune daidai yake da shelar cewa inji ya lalace.

“Na mota fa?” in ji Arzika a hankali.

“Zai shiga ramin. Amma ni ban ce ka sa ba.”

Wata rana, wato kashegari ke nan, Arzika ya naɗe tsohon sensan a tsumma ya danƙa wa Nomau, don shi kada a gan shi a layin masu kayan gyaran mota a fara tsegumi.

“Je ka Yawuri ka sayo irinsa sak. Ka ji ni? Sak! Ko da ƙwayar gero ya bambanta kada ka karɓa.”

Nomau ya tafi. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Inna Tumba ta tasa Arzika gaba da faɗa, wai ya jefa mata ɗa cikin duniya. Ashe Nomau yana can yana bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka miƙo masa sai ya jera shi da tsohon, ya juya, ya sake juyawa, ya mayar. Wannan ba shi da tsatsa a gindi. Wancan wayarsa ba ta lanƙwashe ba. Wani kuma ba shi da ƙarzunan da sifana ta yi wa tsohon. Masu rumfuna suka gaji suka fara korarsa tun daga nesa. A rana ta uku wani mai rumfa, marar tsoron Allah, ya karɓi tsohon ya shiga ciki, ya jefa shi a leda, ya fito ya ce ga irinsa sak. Nomau ya duba, ya ga tsatsar, ya ga ƙarzunan, ya biya yana ta godiya.

Ya shigo gida yana washe baki. Arzika ya buɗe leda ya kalli abin, ya kalli ƙanensa.

“Ina tsohon da na ba ka?”

“Mai rumfa ya ce ya riƙe. Amma duba, Yaya, ko kai ba za ka bambance su ba.”

Wallahi ran nan har makwabta suka leƙo ta katanga. Arzika ya yi jifa da buta, ya yi jifa da takalmi, ya ce da haihuwar Nomau gara an haifi turmi, ko ba komai a daka a cikinsa. Inna Tumba ta ce ya bi a hankali, a cikinta aka ɗauko su duka biyun. Hajo ta shige ɗaki tana toshe baki da zane, dariya na neman kashe ta, wannan ya ƙara tunzura shi.

Wata rana Arzika ya ja hula har gira ya tafi Yawuri da kansa. Ya sayo sensan wata ƙaramar mota, sabo fil, zarensa daidai da na tsohon. Oga Sahabi ya juya shi a hannu yana yatsine fuska. Ya ce kowane inji da irin muryarsa, kunnen da aka yi don na mota ba lallai ya ji na jirgi ba. Ya ce kuma na mota ba a toshe shi don zaman ruwa ba, laima kaɗan sai ya shiga. Arzika ya ce bai kira shi wa’azi ba, ya zo jibi ya ɗaura kawai. Shi Arzika kuma ta’aziyya ta kama shi a wata tunga, sai ya ba Nomau ajiya.

“Riƙe wannan a jikinka. Kada ruwa ya taɓa shi, ko ɗigo. Jibi da safe ina so in ga shi da injin wuri ɗaya.”

Nomau ya sa shi a aljihu, daga nan ya ƙaurace wa ruwa. Bai yi wanka ba. Hajo ta miƙo masa kunu ya ja da baya. Da azahar aka gan shi a ƙofar masallaci yana taimama, ga randa cike a gefensa, ga kogi guda a gabansa. Liman ya ce, “Nomau, lafiya? Fari aka yi?” Ya ce a’a, ajiya ce. Sai kuma tunani ya kama shi: inji yana kan ruwa, sensa ba ya zuwa ruwa, Yaya kuma yana so ya gan su tare. Ai abin mai sauƙi ne. Ya rataye rigarsa a can tudu, ya sauka ya kwance injin daga bayan jirgi, injin da ƙarti huɗu ke ɗagawa, ya ɗora a amalanke, ya turo shi tsakiyar gari da rana tsaka.

Arzika ya dawo ya ga bayan jirgi fayau. Ya zauna a laka yana salati, ya tabbata ɓarayi ne. Da ya isa gida sai ya tarar da injin kwance a kan gadon Inna Tumba, an lulluɓe shi da bargo, sensa a kan matashi kusa da shi, tsohuwa a tabarma tana mita.

“Ta ina ka biyo da shi?” in ji Arzika.

“Ta babbar hanya. Na ma gai da Sarkin Ruwa, yana zaune a ƙofar gida. Ya ce in gaishe ka.”

Arzika ya kama kansa da hannu biyu ya fita bayan gida, aka ji yana dukan katanga da ƙafa.

Aka mayar da inji da asuba, Oga Sahabi ya ɗaura na motar. Kuka ya tsaya, jar wuta ta mutu, jirgi ya riƙa yanka ruwa fiye ma da da. Makaniken ya kafa sukudireba a jikin injin, ya sa kunne a ƙotar, ya ce shi fa har yanzu yana jin wata ’yar ƙwanƙwasa can ciki. Arzika ya ce kunnensa ne ke buƙatar gyara.

Wata rana, ganin mutane sun fara ƙus-ƙus game da tafiyar da inji ya yi a amalanke, Arzika ya ja Nomau lungu.

“Saurara da kyau. Duk wanda ya yi maka tambaya, ka ce masa, ba mu sa na mota ba. Iyakar abin da za ka ce ke nan.”

“Ba mu sa na mota ba.”

“Yawwa. Yau dai ka yi hankali.”

Hankalin banza! Nomau ya fita. Mai shayi ya ce, “Da madara ko babu?” Ya ce, “Ba mu sa na mota ba.” Wata tsohuwa ta ce yaya jikin Inna, ya ce, “Ba mu sa na mota ba.” Wani baƙo ya tambaye shi hanyar masallaci, shi ma abin da ya samu ke nan. Kafin azahar babu wanda bai ji ba a Tungar Bauna. Mutum goma sha ɗayan nan da ke jiran layi suka riƙa aiko mutane suna tambayarsa ƙarfe nawa, don kawai su ƙara ji. Da yamma Sarkin Ruwa ya aika aka kira Arzika.

“Arzika, wa ya ce kun sa na mota?”

“Ranka ya daɗe, babu wanda ya ce.”

“To shi ne abin da ya dame ni. Ranar Alhamis injiniyan ƙungiya zai zo daga Yawuri. A gaban jama’a za a buɗe injin.”

Arzika ya dawo gida bai iya ko zagi ba. Ya ture tuwon da Hajo ta kawo. Tsoro ne ya cika shi fal, da baƙin ciki. Ya mayar da tsohon, inji ya yi kuka a gaban jama’a, a ce ya lalata. Ya bar na motar, a buɗe a kama shi. Ya kalli filafilinsa da ke jingine a kusurwa, ya ji kafaɗunsa sun fara ciwo tun yanzu. Daga ƙarshe ya yanke shawara: ya shafe na motar da baƙin giris, ya yi addu’a injiniyan ya zama mai garaje.

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, Arzika ya sauka bakin ruwa da hantsi don ya ga komai tsaf. Me zai gani? Jirgi ya zama shara. Ga kwanon wankin Hajo, ga komar kamun kifin makwabci, ga ragowar albasa ta ruɓe, ga tunkiyar Inna da Nomau ya ɗaure a ciki wai don iska. Zuciya ta ɗebe shi.

“Nomau! Don ubanka, wanda shi ne ubana, wannan jirgi ne ko juji? Duk abin da ba na jirgi ba ne ka fitar da shi! Duk abin da yake na jirgi ka mayar da shi wurinsa! Kafin in dawo da Sarkin Ruwa!”

“To, Yaya.”

Sai da ya kai rabin hanyar dawowa, Sarkin Ruwa a gaba, injiniya da jakarsa a gefe, rabin gari a baya, sannan gabansa ya faɗi. Ya tuna kalmomin da ya faɗa ɗaya bayan ɗaya, ya tuna kuma wa ya faɗa wa.

A kan gaɓa an jera kaya reras. Kwano, koma, albasa, tunkiya. Sai manyan robobin wanka biyu cike da mai, an juye tankin jirgi kaf. A gaban layin, kan farin ƙyalle, an wanke shi tas daga giris yana ta ƙyalli, ga sensan mota. Nomau na tsaye da sifana a hannu. Ya ga yadda Oga Sahabi ya kwance ya ɗaura, ya je gida ya ɗauko tsohon ya mayar inda yake.

Arzika ya zabura. Ya yi kansa ya shaƙe masa wuyan riga.

“Ka kashe ni! Shekara tara! Ka kashe ni, ka huta! Man kuma me ya yi maka?”

“Yaya, akwai kalanzir a ciki. Kalanzir na fitila ne, ba na jirgi ba. Na rasa yadda zan raba su, sai na fitar da su duka.”

Injiniyan ya tsuguna, ya tsoma yatsa a roba, ya shinshina, ya murza. Ya ɗago ya ce wa ke sayo man. Nomau ya ce shi ne, wurin ɗan bumburutun da Yaya ya ce ya fi araha, kuma kusan wata guda ke nan kullum a gabansa mutumin yake tsiyaya kalanzir a jarka kafin ya cika da fetur.

Injiniyan ya miƙe. Ya sa aka kawo mai mai kyau daga jirginsa, ya zuba, ya buɗe murfi ya duba kowane lungu, sannan ya tayar. Arzika ya runtse ido yana jiran kukan. Injin ya ɗauka lumui. Aka zagaya har tsibiri aka dawo a guje, ba kuka, ba jar wuta.

“Ranka ya daɗe,” in ji injiniyan, “sensan nan lafiyarsa ƙalau. Gaskiya yake faɗa tun farko, gurɓataccen mai ne ke ƙwanƙwasar injin.” Ya ɗauki na motar daga kan ƙyalle ya jinjina shi. “Wannan kuwa kurma ne a injin nan. Da shi a ciki, da wancan man a tanki, lodin albasa biyu ya isa. Fistin zai huje a tsakiyar kogi, da mutane a ciki.”

Sarkin Ruwa ya daɗe yana kallon Arzika, kallon da ya fi mari zafi.

“Ni ba yaro ba ne, Arzika, na san abin da ka yi. Amma abin da na faɗa a gaban jama’a shi ne a buɗe a tarar. An buɗe, ba a tarar ba. Inji ya zauna a gidanku.” Ya zare makullin ya miƙa wa Nomau. “Wannan kuma a hannunka zai riƙa kwana. Arzika ya riƙa zuwa wurinka yana karɓa.”

Masu jiran layi suka watse suna tsaki. Aka bar ’yan’uwan biyu da tunkiya. Arzika ya zauna a bakin jirgi, fushin bai gama sauka ba, kunya kuma ta hau kansa.

“Wata guda kana ganin ana zuba kalanzir. Wata guda! Me ya hana ka buɗe baki ka gaya mini?”

“Yaya, ai tun ranar da Baba ya rasu ka ce in riƙa yin abin da aka sa ni, in rufe bakina.”

Arzika ya buɗe baki zai yi zagi, zagin ya ƙi fitowa. Shekara ashirin da faɗin maganar nan, shi ya manta da ita tun a ranar. Ya juya fuska wajen kogi.

“To daga yau, duk abin da ka gani, ka faɗa mini.”

“To, Yaya. Ga jirgin Sarkin Ruwa can. Ga tunkiya tana cin albasa. Ga wani tsuntsu.” Ya ɗan leƙo. “Yaya, ga hawaye a idonka.”

“Hayaƙin inji ne, wawa.”

“Yaya, an kashe injin tun ɗazu.”